Ku Tambayi Kawu: Bikin waƙar hunturu a intanet, mu shiga ko mu bari?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan watan wasiƙu uku na ware saboda duk abu ɗaya suke zagayawa, wato irin bikin waƙar nan da ake shiryawa a intanet lokacin sanyi don mawaƙan da ba su da kamfani a bayansu. Ta farkon na bar ta da tsawonta yadda mai ita ya turo.

TAMBAYA: Salam Kawu, da fatan kana lafiya ya sanyi ya iyali. Ni matashi ne daga Gadarif ta ƙasar Sudan, dako nake a kasuwar amfanin gona, riɗi da dawa, amma da dare ina kaɗa gurmi wanda na koya a wajen kakana, kuma inada aboki da yake min kalangu. To na ga sanarwa a Facebook wai za a yi bikin waƙa na hunturu a watan Janairu, dare uku, duk a intanet ba sai ka je ko'ina ba, sun ce mawaƙi daga kowace ƙasa ya turo bidiyon minti goma in ya yi musu za su saka shi a jadawali. Wallahi Kawu tunda na gani na kasa barci, amma ni banida situdiyo, wayata ma ba wata babba bace, shabaka, wato layin intanet, kuma ka san halin da ake ciki yau akwai gobe babu, sannan waƙata Hausa ce da ɗan Larabcin Sudan a ciki waye zai gane a can. Abokina yace in ajiye gurmin nan in sauko da kiɗan fiyano irin wanda ake yayi a Kano da Legas in hau kai shine za su kalle ni. Kuma wani ya min magana ta inbos yace shi wakilinsu ne in tura masa dala 20 zai tabbatar an ɗauke ni. Dan Allah Kawu ka bani shawara, in shiga ko in haƙura. Ɗanka daga Gadarif.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, sanyi alhamdu lillahi. Ka shiga. Amma dala ashirin ɗin nan kar ka tura ko ƙwandala, bari in fara da ita tunda ita ce mai gaggawa. Akwai bukukuwan da ke karɓar ɗan kuɗin rajista da gaske, sai dai in akwai shi za ka ganshi a rubuce ɓaro-ɓaro a sanarwarsu ta asali, kowa daidai da kowa, kuma ba ya sayen gurbi. Wanda ya biyo ka ta bayan gida yace a bashi kuɗi zai sa a ɗauke ka, cinikin biri a sama yake so ku yi. Ka rubuta wa masu bikin kai tsaye ta adireshin da ke jikin sanarwar ka tambaye su ko sun san shi, ka kuma nemi bidiyon bikinsu na bara ka kalla, in babu na bara babu sunan mutum ko ɗaya da ke shiryawa to ka taka a hankali.

Shi kansa abin ba ƙarya bane, ana yi. Lokacin korona a 2020 da aka rufe wuraren taro ne ya bunƙasa sosai. Akwai wani biki da ake yi a New York duk watan Janairu, globalFEST, na mawaƙan ƙasashe daban-daban, a Janairun 2021 suka haɗa kai da shirin Tiny Desk na gidan rediyon NPR na Amurka suka mai da shi intanet, dare huɗu a jere, Angélique Kidjo 'yar Benin ce ta gabatar. Na kalle shi a lokacin ina Wad Madani, kuma abin da ya tsaya min a rai har yau shine wuraren da mutanen suka ɗauki waƙoƙinsu, wani a falo wani a tsakar gida wani a waje cikin bishiyoyi, kowa da yarensa da kayan kiɗan garinsu, kuma ba wanda ya tsaya yana neman afuwa don ba a jin harshensa. Dalilin da yasa suke zaɓar hunturu ma a fili yake, a Turai da Amurka lokacin ne dusar ƙanƙara ke zuba rana ta faɗi tun wajen ƙarfe huɗu ko biyar, bukukuwan fili sun tsaya sai bazara, mutane na ƙunshe a ɗaki suna neman abin kallo. Mu a nan kuma shita, wato hunturu, lokacin kaka ne, an yanke riɗi ana casar dawa, kuɗi ya ɗan shiga hannu ana ta bukukuwan aure, kaga hannunka ma a lokacin yafi zafi a kan gurmin.

Yanzu maganar abokinka. Na san don Allah ya faɗa maka amma ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ka yi tunanin mutanen da za su zauna su tace bidiyoyin da aka turo musu, kiɗan kwamfuta irin wanda kake son ka sauko da shi sun ji shi har ya ishe su, kuma daga hannun waɗanda suka fi ka kayan aiki nesa ba kusa ba. Amma yaro ɗan dako daga Gadarif da gurmin kakansa, yana Hausa yana ratsa ta da Larabcin Sudan, kalangu na amsa masa, ina za su samu wannan in ba a wajenka ba? Kayan aro ba ya rufe katara. Ga kuma matsala ta biyu, kiɗan da ka sauko da shi yana da mai shi, YouTube nada na'urar da ke gane sauti da kanta, Content ID, da ta ji kiɗan wani a bidiyonka sai kuɗin tallar ya koma aljihun mai kiɗan ko ma a toshe bidiyon gaba ɗaya, kuma masu biki na tsoron wannan sosai, shi yasa galibi suke sa ka amince cewa duk abin da ke ciki naka ne.

Wannan gaurayen da kake jin kunyarsa tarihinmu ne fa. Kakanninmu a ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, wani ya yi shekaru a hanya yana noma yana tara guzuri, wasu suka isa suka dawo suka zauna nan wasu ma ba su ƙarasa ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a har bakin kogin Nilu kusa da Sinnar suka kafa garin da har yau sunansa yake ci. Daga nan sai Gadarif da Kassala da Damazin da gonakin audugar Jazira. Fiye da shekara ɗari muna kwana muna tashi da gangar dalluka da kayan tsirkiya irin su tambur da ud a kunnenmu, dole waƙarmu ta ɗauko wani abu da ta Kano ba ta ɗauko ba. Kuma ma kiɗan Sudan a kan sautuka biyar yake tafiya, abin da suke ce wa sullam khumasi, yawancin kiɗanmu na Hausa ma haka ne, shi yasa in mai gurmi ya zauna da mai tambur ba sa daɗewa suke gane juna. Na sha ganin haka da idona a gidajen biki, shekara ashirin da ɗoriya na yi ina ɗaukar lasifika da mikisa daga wannan unguwa zuwa waccan a Madani kafin yaƙi ya fitar da mu a Disambar 2023, kayan duk can na baro su, amma kunnen yana nan.

To ga yadda za ka yi ɗaukar, kuma ka karanta nan da kyau don a nan mafi yawa suke faɗuwa, ba a waƙar ba. Sauti yafi hoto muhimmanci, mai tacewa zai yafe maka hoto mai ɗan duhu amma ba zai iya zama minti goma yana jin ƙarar iska da janareta ba. Kar ka ɗauka a ɗakin siminti mai rufin kwano wanda ba kaya a ciki, sauti zai riƙa dukan bango yana dawowa kamar kana cikin rijiya. Ku da kuke Gadarif Allah ya hutar da ku, guttiyya, bukkar nan ta ciyawa, ta fi situdiyo da yawa da na sani, ciyawar na shanye amsa-kuwwa, ka shimfiɗa tabarma ko darduma a ƙasa shikenan. Ka zauna kana fuskantar ƙofa haske na dukan fuskarka, kar ƙofar ta zama a bayanka. Bayan la'asar hasken yafi taushi, sai dai ka lura da lokacin da rakshoshi, wato a-daidaita-sahu, da injin niƙa suka lafa a unguwarku.

Wayar a kwance za ka ajiye ta ba a tsaye ba, a kan kujera ko buhu ka tokare ta da wani abu, kar kowa ya riƙe a hannu, ka kashe layin kar kira ya shigo ya yanke maka. Tazararta da kai kamar taku biyu. Gurmi muryarsa ƙasa-ƙasa ce kalangu kuwa baya da kunya, in kuka zauna kafaɗa da kafaɗa zai haɗiye ka kai da gurmin, don haka abokinka ya ja baya kamar taku huɗu ko biyar ya kuma sassauta hannu. Ku gwada na minti ɗaya ku saurara da iyafis, ku matsa ku sake, har sai kalmominka sun fito tar. In da safe za ku yi ya ɗan shanya kalangun a rana tukuna don sanyin asuba na sa fata ta saki. Kuma kar ka tsaya neman wanda babu kuskure ko ɗaya, ka yi sau uku ko huɗu ka zaɓi wanda ranka yafi shiga ciki.

Shabaka kuma, tambaya ɗaya za ka yi musu, kai tsaye ake so ko ɗauka. Yawancin irin waɗannan bukukuwan ɗauka suke karɓa sai su saka a daren bikin kamar yanzu ake yi, mawaƙin ya shigo wajen sharhi yana gaisawa da masu kallo. In sun ce lallai sai kai tsaye ka gaya musu gaskiyar inda kake, ƙasar da a Fabrairun 2024 layuka suka ɗauke kusan ko'ina mutane suka koma layi a shagunan Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, suna biyan awa don su ji muryar 'yan'uwansu, duk mai hankali zai fahimta. Bidiyon minti goma a 720p zai kai wajen megabait 375, a 1080p wajen 600, to ka tanadi data daidai da haka ko ka je irin shagunan nan ka tura, cikin dare ko da asuba layin yafi sauƙi. In ta WhatsApp ne kar ka tura shi a matsayin bidiyo don zai matse shi ya ɓata sautin, ka tura a matsayin dokumen, yana ɗaukar har gigabait 2. Ka haɗa da ɗan bayani layi huɗu ko biyar da Larabci ko Turanci, sunanka da garinku da sunan abin kiɗan da abin da waƙar take cewa, wani ɗan makaranta a unguwa zai taya ka.

Abu na ƙarshe kuma kar ka raina shi. In sun ɗauke ka za su turo takarda ka sa hannu, ka samu wanda ya iya yaren ya karanta maka ita duka. Abin da za ka basu izinin nunawa ne na wani lokaci, waƙar kuwa taka ce, ka iya sa ta a shafinka ko ka kai ta wani bikin. Duk takardar da tace sun mallake ta har abada ka ajiye alƙalami. Kuɗi kuma kar ka ɗora buri, wasu na biyan ɗan wani abu wasu sai abin da masu kallo suka jefa, kuma da yawa ta PayPal suke biya wanda baya aiki da asusun Sudan, duk da Amurka ta ɗage takunkumin tattalin arziki a 2017. Abin da mutanenmu ke yi shine ɗan'uwa a Jidda ko Kano ya karɓa ya turo ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta bankin Khartoum, to ka zaɓi mai amana ku kuma yi maganar a fili tun kafin kuɗin ya zo, da abokinka mai kalangu ma ku yanke rabonsa tun yanzu. Dakon nan kar ka bar shi tukuna. Ka turo min bidiyon in ka ɗauka, ina so in ji gurmin kakan nan naka.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni mace ce daga Kassala ina waƙar biki da dalluka a cikin mata kawai, kamu da lalle da suna, kuma ni nake tsara waƙoƙina. Ƙawata ce ta nuna min sanarwar bikin intanet ɗin tace in tura, raina yana so amma Baba malami ne, yanzu ma da ƙyar yake ƙyale ni, inaga in ya ji duniya na kallon fuskata zai iya fushi da ni. In tura a ɓoye? 'Yarka daga Kassala.

AMSA: Lafiya lau 'yata. A ɓoye kam a'a, ban baki wannan shawarar ba, abin da aka sa a intanet baya ɓoyuwa, kwana biyu wani zai tura wa wani har ya faɗo wayar almajirin Baba, kuma jin da zai yi daga bakin wani yafi abin kansa ciwo.

Da na ga Kassala a ƙasan wasiƙarki sai A'isha Fallatiya ta faɗo min. A nan Kassala aka haife ta a 1905, jininmu ce, mahaifinta shima malami ne kuma bai so waƙarta ba da farko, ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940 lokacin da mace ta buɗe baki a rediyo abin magana ne babba, ta yi da Larabci ta yi da Hausa, ta rasu a 1974 kuma har yau Sudan na alfahari da ita. Ban kawo ta don in ce ki bijire wa mahaifinki ba, na kawo ta ne don ki san damuwar Baba ba sabuwa bace kuma ba ƙiyayya bace, tsoro yake ji miki. Hukuncin waƙa da kiɗa malamai sun yi saɓani a kai tun da can kuma ni ba malami bane, Baba ya fini sani nesa.

Abin da zan iya gaya miki ta fannina shine ba dole fuskarki ta fito ba. Ki tambayi masu bikin ko za su karɓi bidiyon da kyamara ke kan hannuwa da dallukar kawai, ko sauti zalla da hoton dutsen Taka na garinku a kai, da yawa za su yarda in kika yi musu bayani. Ki ɗauka ki fara kai wa Umma ta ji, sannan ita ko gwaggonki da Baba ke jin nauyinta su shigar da maganar, a kunna masa ya ji kalmomin da kunnensa. Kuma ƙawayen da ke miki amshi kowacce ki nemi yardarta da ta gidansu kafin muryarta ta fita. In ya amince alhamdu lillahi, in ya ƙi ki bar na bana, ki ci gaba da ɗaukar waƙoƙinki kina ajiyewa a waya da wani wajen daban don kar su ɓace, waƙoƙin matanmu na Sudan da yawa sun tafi da masu su ba wanda ya ɗauka, wannan yana damuna ƙwarai.

TAMBAYA: Kawu ni ba mawaƙi bane, tela ne a Jidda amma ɗan Mai Wurno ne, kallo kawai nake so in yi in kuma taimaka wa yaranmu in sun fito. Sun rubuta ƙarfe 8 na dare agogon New York, ƙarfe nawa kenan a wajenmu, kuma ta yaya taimakona zai isa hannun mawaƙin?

AMSA: Ƙanena Allah ya saka da alheri. A watan Janairu Sudan na gaban New York da awa 7, Saudiyya da awa 8, Najeriya da Nijar da awa 6. Kenan takwas ɗin darensu ƙarfe 4 na asuba ne a Jidda, 3 a Mai Wurno, 2 a Kano, kuma ka lura ranar ta riga ta juya, in sun ce daren Juma'a kai asubar Asabar za ka tashi. In bai yiwu ba kar ka damu, yawanci suna barin bidiyon a YouTube bayan an gama.

Taimako kuwa, wanda ka tura wa mawaƙin kai tsaye yafi komai isa, ka neme shi ta shafinsa ka tambayi lambar Bankak ɗinsa. In yana da waƙoƙi a Bandcamp, shafin sayar da waƙa, ka saya a can, su kashi 15 cikin ɗari suke cira a cinikin waƙa, kuma tun Maris 2020 suke ware wasu ranakun Juma'a da suke yafe nasu kason gaba ɗaya. Sannan ku da kuke Jidda da Makka da Madina kuna da abin da yaran nan ba su da shi, layi mai ƙarfi da asusun banki da duniya ke hulɗa da shi. Ga ɗana na Gadarif can sama yana neman mai amanar da zai karɓar masa kuɗi in Allah ya sa an ɗauke shi, in kana da niyya ka rubuto wa mujallar nan zan haɗa ku. A daren kuma ka tara 'yan shagonku ku dafa shayi ku kalla tare, ku yi ta rubuta sharhi da Hausa a ƙarƙashin bidiyon, yaron zai farka da asuba a Gadarif ya buɗe waya ya gani.